Ɓarnar oksijin da haihuwar namiji: a nemo tushenta kafin a sayi ƙwaya

A shekarar 1943 wani masanin kimiyya mai suna John MacLeod, wanda ke aiki a birnin New York na Amurka, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya saɓa wa abin da kowa zai zata. Ya zuba ƙwayoyin maniyyin ɗan Adam a ruwan gwaji, ya wadata su da iskar oksijin fiye da ƙima, iskar nan da ba a rayuwa sai da ita. Maimakon su ƙara kuzari sai suka yi laƙwas, motsinsu ya riƙa raguwa. Da ya maimaita gwajin ya zuba musu katalas, sinadarin da aikinsa a jiki shi ne wargaza haidurojin feroksaid (ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi), sai suka ci gaba da iyo. Abin da MacLeod ya fahimta shi ne ƙwayoyin da kansu ke mayar da wani ɓangare na oksijin guba, gubar kuma ta juyo ta ci su. An ɗauki shekaru da dama kafin a waiwayi wannan bincike da gaske. Yau kuwa ɓarnar oksijin na cikin manyan dalilan da likitoci ke kawowa idan ana maganar raunin haihuwar maza, ta kuma zama jari ga masu sayar da bitamin da gauraye-gaurayen ƙarfafa maniyyi. Matsayina shi ne hujjar cewa ɓarnar tana faruwa tana da ƙarfi ƙwarai, hujjar cewa ƙwayar kanti na gyara ta kuwa ba ta da ƙarfi. Ɓarnar oksijin sau da yawa alama ce ta wata matsala da ke jikin namiji ko cikin yanayin rayuwarsa, kuma waccan matsalar ce ta cancanci a nema, da wuri, a jikin mijin.

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana samun ƙarfi ne ta hanyar ƙona abinci da oksijin, a cikin wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya. Ƙonawar ba ta fita tsaf. Ɗan kaɗan daga cikin oksijin yakan kufce ya zama zafafan sinadarai waɗanda ba sa zama lafiya, duk abin da suka tarar kusa da su, kitse ne ko furotin ko DNA, sai sun taɓa shi sun sauya masa ƙira. Jiki ya san da wannan, shi ya sa yake da makarai iri-iri: wasu shi yake ƙera su, kamar katalas da gulutatayon, wasu kuma daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E. Muddin makaran sun isa, lafiya lau. Masanin nan na Jamus, Helmut Sies, shi ne a shekarar 1985 ya fayyace matsalar da cewa rinjaye ne: lokacin da zafafan sinadaran suka fi ƙarfin kariyar da ke akwai. Duk wanda ya taɓa barin man gyaɗa a buɗe ya daɗe har warinsa da ɗanɗanonsa suka canza ya ga wannan aiki da idonsa, domin oksijin ne ya ci kitsen, kuma irin wannan cin ne ake yi wa ƙwayar maniyyi.

Dalilin da ya sa ƙwayar maniyyi ta fi sauran ƙwayoyin jiki shan wahala yana cikin yadda aka gina ta. Tantanin da ya lulluɓe ta cike yake da wani irin kitse mai laushi, musamman wanda ake kira DHA. Laushin dole ne, don da shi wutsiya ke kaɗawa, da shi kuma kan ƙwayar ke iya haɗewa da ƙwan mace. To amma wannan kitsen shi ne mafi saurin lalacewa idan zafafan sinadarai suka same shi, kuma lalacewar ba ta tsayawa wuri ɗaya, kowane ɓangaren da aka ci yakan kama na kusa da shi. Roy Jones da Thaddeus Mann da Richard Sherins sun nuna haka a maniyyin ɗan Adam a 1979, sannan a 1987 John Aitken da Jane Clarkson, a birnin Edinburgh, suka nuna cewa ƙwayoyin da suka fi fitar da zafafan sinadarai su ne suka fi kasa haɗewa da ƙwai. Daga baya an gano abin ya fi haka muni. Tarkacen da ke fita daga lalataccen kitsen yakan koma ya manne wa mitokondiriyar da ke wuyan ƙwayar, ita kuma ta ƙara zubar da guba, abu ya yi ta zagayawa har motsi ya mutu. Ga shi kuma ƙwayar ba ta da abin kare kanta. Kafin ta bar 'ya'yan maraina takan zubar da kusan duk ruwan cikinta don ta yi sauƙin iyo, a cikin ruwan nan kuwa sauran ƙwayoyin jiki ke ajiye makaransu. Wadda ba ta gama zubarwa ba, wato ba ta nuna sosai ba, ita ce ma ta fi fitar da gubar da ke cutar da lafiyayyun da ke kusa da ita.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne DNA, saƙon gadon da uba ke miƙa wa ɗa. Ƙwayar maniyyi na ƙulle wannan saƙo tamau da wasu furotin da ake kira furotamin, ƙullin da ya fi na kowace ƙwaya a jiki matsewa, kuma wannan kariya ce babba. Sai dai idan ɓarna ta samu shiga, ƙwayar ba ta iya gyarawa. Wani bincike da rukunin Aitken ya wallafa a 2013 daga Jami'ar Newcastle ta Ostireliya ya nuna cewa ƙwayar maniyyi tana da sinadarin da ke cire ɓangaren da ya lalace, amma ba ta da waɗanda ke biyo baya su cike gurbin. Ta fara gyara ke nan ta bar shi a buɗe, ƙwan mace ne ke ƙarasawa bayan haɗuwa. Idan ɓarnar kaɗan ce, ƙwan kuma mai ƙarfi ne, sai a wuce lafiya. Idan ta yi yawa, ko shekarun matar sun ja har ƙwanta ya rage ƙarfin gyara, cikin na iya ƙin kamawa, ko ya kama ya zube. Abin lura shi ne ƙwayar da DNA ɗinta ya kakkarye tana iya yin iyo, tana iya shiga ƙwai. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara bincike 16 da suka ƙunshi ma'aurata kusan 3,000, ya gano cewa haɗarin ɓari ya kai kusan ninki biyu idan kakkaryewar DNA ta yi yawa a maniyyin miji. A ƙasar Hausa, matar da ke yawan ɓari ita ake kai wa asibiti, ita ake kai wa masu magani, ita ake wa kallon mai matsala, wani lokaci har ta kai ga kishiya ko saki. Wannan sakamako na cewa a wasu gidajen an bar jaki ana dukan taiki.

Tunda ƙwayar ba ta iya kare kanta, ruwan da take iyo a ciki ne ke kare ta. Ruwan maniyyi na cikin ruwayen jiki mafi wadatar makarai, bitamin C ɗin da ke cikinsa ya ninka na cikin jini sau da yawa. A 1991 Cesar Fraga da abokan aikinsa a ɗakin binciken Bruce Ames da ke Berkeley a jihar Kalifoniya sun yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun rage wa wasu lafiyayyun maza bitamin C a abinci daga miligiram 250 zuwa miligiram 5 a rana. Bitamin ɗin da ke cikin ruwan maniyyinsu ya ragu da rabi, alamar ɓarnar oksijin a DNA ɗin ƙwayoyin kuma ta ƙaru da kashi 91 cikin 100. Da aka mayar musu da bitamin ɗin, ɓarnar ta sauka. Wannan gwaji ne masu sayar da ƙwayoyi suka fi son ambato, don haka a riƙe abin da ya nuna daidai: mutumin da ke cikin rashi, idan aka cike masa rashin yana samun sauƙi. Bai nuna cewa wanda ba ya cikin rashi zai amfana idan aka ƙara masa ba.

Daga ina yawan gubar ke fitowa? Babban tushe shi ne fararen ƙwayoyin jini. Su sojojin jiki ne, kuma da waɗannan zafafan sinadarai suke kashe ƙwayoyin cuta, don haka abin da suke fitarwa ya ninka na ƙwayar maniyyi nesa ba kusa ba. Idan aka samu cuta ko kumburi a hanyar da maniyyi ke bi, sukan taru a wurin, maniyyi ya ratsa ta cikin wutar yaƙinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar fiye da miliyan 1 a kowace mililita a matsayin yawan da ya wuce ƙa'ida. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta jima'i da 'yar uwarsa kilamidiya su ne sanannu, kuma kilamidiya kan zauna shiru ba zafi ba ɗiga. Al'adar shiga kemis a sayi kafso na kwana biyu, a daina da zarar zafin fitsari ya lafa, hanya ce ta mayar da ciwon kwanaki ya zama kumburin shekaru. Akwai kuma cutar da ba a cika kawo ta cikin wannan zance ba alhali tamu ce, wato tsargiya. Najeriya na cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya, kuma yaran da ke wanka a kududdufi da manoman rani da masunta su ne a bakinta. An fi sanin ta da fitsarin jini, amma ƙwayayen tsutsar da ke kawo ta kan maƙale a sassan da ke samar da ruwan maniyyi. A wani bincike da Peter Leutscher ya jagoranta a Madagaska, wanda aka wallafa a 2000, an ga ƙwayayen a kashi 43 cikin 100 na samfuran maniyyin da aka duba, kuma aikin da ya biyo baya ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jinin da ke cikin maniyyin suna raguwa bayan shan furazikwantel, magani mai araha.

Tushe na biyu shi ne kumburin jijiyoyin maraina, inda jinin da ya kamata ya koma sama yake taruwa a jijiyoyin da suka saki, galibi a ɓangaren hagu. Kusan kashi 15 cikin 100 na maza suna da shi, yawancinsu kuma suna haihuwa lafiya, amma a cikin mazan da ke zuwa asibiti don rashin haihuwa adadin kan kai kashi 35 zuwa 40. 'Ya'yan maraina suna rataye a waje ne don aikinsu na buƙatar sanyin da ya gaza zafin jiki da digiri 2 zuwa 4. Jinin da ya taru yana ɗumama su, yana rage musu iska mai kyau, duka biyun kuma suna ƙara zubar gubar. Zafi daga waje ma haka yake yi. Masu bincike a birnin Toulouse na Faransa sun auna a 2000 suka ga zafin maraina ya hau da kusan digiri 2 bayan tuƙin mota na sa'a 2. Direban tirela mai Kano zuwa Legas, da mai gidan burodi a bakin tanda, da mai walda, duk wannan ya shafe su. Zazzaɓi mai zafi, irin na cizon sauro ko taifot, shi ma yakan kayar da ingancin maniyyi na makonni, abin da ya sa gwajin da aka yi jim kaɗan bayan jinya ba abin dogaro ba ne.

Sauran tushen sun fi kusa da hannun mutum. Hayaƙin taba ɗauke yake da zafafan sinadarai, yana kuma cinye bitamin C ɗin da ke jiki. Rukunin Fraga ya gano a 1996 cewa alamar ɓarna a DNA ɗin maniyyin mashaya taba ta fi ta waɗanda ba sa sha da kashi 50 cikin 100, wani nazari na 2016 da ya haɗa bincike 20 da maza 5,865 kuma ya nuna raguwar yawa da motsi da kyawun siffa a mashaya. Shisha hayaƙi ce ita ma, ratsawa ta cikin ruwa ba ya wanke ta. Ƙiba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna jefa jiki cikin kumburi na dindindin. Dalma, wadda gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, an daɗe da sanin tana rage maniyyin ma'aikatan da ke mu'amala da ita, kamar masu aikin batir. Haka wasu magungunan feshin gona idan ana fesa su ba safar hannu ba takunkumi. Shekaru ma suna da nasu rabo, kakkaryewar DNA na ƙaruwa a hankali yayin da namiji ya haura 40, ko da yake ba ya yankewa kamar mace.

Wani zai ce duk wannan bai shafe shi ba, tunda lafiyarsa ƙalau a shimfiɗa, ko kuma yana da 'ya'ya da uwargida. Ƙarfin namiji a shimfiɗa aikin jijiyoyin jini ne da na laka da sinadarin testosteron, ingancin ƙwayar maniyyi kuwa wani aiki ne daban, kuma ɗaya na iya zama lafiya ɗayan ya lalace. Kaurin maniyyi ko yawansa a ido ba ya nuna komai, domin ƙwayoyin kansu ɗan ƙaramin kaso ne na ruwan. Haihuwar baya ma ba shaida ce ta yau ba. Kumburin jijiyoyi yana ƙara ɓarna da shekaru, shi ya sa ya fi yawa a mazan da suka taɓa haihuwa sannan ta tsaya. Ciwon suga da teɓa da cutar da aka ɗauka daga baya duk ba su nan lokacin da aka haifi ɗan fari. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Afrilun 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan fuskanci rashin haihuwa a wani lokaci a rayuwarsa, kuma bambancin ƙasashe masu arziki da matalauta kaɗan ne. Likitoci sun daɗe da ƙiyasta cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Masu cewa haihuwa ta Allah ce sun faɗi gaskiya. Amma mijin da ya yarda matarsa ta sha allurai da hotuna da wankin mahaifa ya riga ya amince cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, ba shi da hujjar keɓe kansa daga gwajin da ba yanka ba allura.

Ƙalubale na biyu ya fito ne daga wani ɓangare, kuma shi ya fi jan hankali: idan rinjayen guba ne matsalar, ai sai a ƙara makari, magana ta ƙare. An gwada wannan, kuma da kyau. A Amurka an raba ma'aurata 2,370 gida biyu, mazan ɓangare ɗaya suka sha folik asid da zink kullum na wata 6, na ɗaya ɓangaren suka sha ƙwayar da ba magani a cikinta, ba wanda ya san wadda yake sha. Sakamakon da mujallar JAMA ta wallafa a 2020 ya nuna an samu haihuwa a kashi 34 cikin 100 na masu shan maganin, da kashi 35 na masu shan ƙwayar banza. Kakkaryewar DNA ma ta ɗan fi yawa a masu shan maganin. A wannan shekarar dai aka wallafa wani gwajin da ake kira MOXI, inda aka bai wa maza kusan 170 masu raunin maniyyi gaurayen bitamin C da E da seleniyam da zink da wasunsu, ko kuma ƙwayar banza. Bayan wata 3 ba a ga bambanci a motsi ko siffa ko DNA ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace sakamakon gwaje-gwaje, ta duba bincike 90 da suka ƙunshi maza 10,303 a 2022. Guda 12 kacal ne suka ba da rahoton ko an haifi jariri, wanda shi ne abin da ma'aurata suka zo nema. A dunƙule an ga alamar amfani, amma masu nazarin sun ce hujjar mai rauni ce ƙwarai, kuma da aka cire binciken da ba a tsara su da kyau ba sai alamar ta ɓace.

Akwai dalilan da suka sa hakan bai kamata ya ba da mamaki ba. Ƙwayar maniyyi na buƙatar ɗan kaɗan daga cikin gubar nan don ta yi aikinta. Eve de Lamirande da Claude Gagnon a birnin Montreal na Kanada sun nuna a 1993 cewa shirin ƙarshe da ƙwayar ke yi a jikin mace, lokacin da wutsiyarta ke sauya salon bugu don ta huda ƙwai, zafafan sinadaran ne ke tayar da shi, idan aka share su gaba ɗaya shirin ba ya kankama. Ƙullin DNA ɗin ma da taimakon oksijin ake ƙarasa matse shi, kuma Yves Ménézo na Faransa ya ba da rahoto a 2007 cewa mazan da suka sha makarai masu yawa kakkaryewar DNA ɗinsu ta ragu amma ƙullin ya sassauta. Abin da ake nema daidaito ne, wuce gona da iri ta kowane ɓangare illa ce. Sannan idan mutum na zuƙar kwalin taba a rana, ko akwai cuta a hanyar maniyyinsa, ko jijiyoyinsa sun kumbura, gubar na ɓulɓulowa dare da rana, ƙwayar safe ɗaya ba za ta iya da ita ba.

Mai shakka zai iya juya wannan hujja ya ce: tunda makari bai yi aiki ba, watakila ita ɓarnar oksijin ɗin ce ba ta da muhimmancin da ake ba ta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, bai kamata a share shi ba. Ƙiyasin da ake yawan kawowa, cewa kashi 30 zuwa 80 cikin 100 na mazan da ba sa haihuwa suna da yawan zafafan sinadarai a maniyyi, faɗinsa kaɗai ya isa ya nuna ma'aunin bai zauna ba. Hanyoyin aunawa sun sha bamban, ba a kuma daidaita kan iyakar da za a ce daga nan cuta ta fara ba. Littafin gwajin maniyyi na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 6 na 2021, bai sa awon ɓarnar oksijin cikin gwajin yau da kullum ba, ƙa'idar likitocin mafitsara da na haihuwa na Amurka kuma ba ta ce a auna kakkaryewar DNA a ziyarar farko ba, ta ware shi ga irin ma'auratan da ke yawan ɓari. Ba kuma duk rashin haihuwar namiji ba ne daga nan: toshewar bututu, da hangum da ya sauka maraina bayan balaga, da ɗan marainan da bai sauko ba tun yarinta, da matsalar gado, babu ruwansu da bitamin. Amma gazawar magani ba ta rushe abin da aka gani a ɗakin gwaji. An sa guba an ga motsi ya mutu, an cire ta an ga ya tsira, an auna tabonta a DNA. Manyan gwaje-gwajen nan kuwa ba su zaɓi mazan da aka auna aka tabbatar suna da ɓarnar ba. Inda aka taɓa tushen, kamar tiyatar ɗaure kumburarrun jijiyoyi ga wanda likita ya ji kumburin da hannu kuma maniyyinsa ya yi rauni, bincike da dama sun nuna kakkaryewar DNA na sauka, damar samun ciki kuma na iya ƙaruwa.

Saura mai cewa wannan ilimin masu kuɗi ne, talaka ina zai ga na'urar auna DNA, mai hali kuma ai sai ya je a yi masa dashen ƙwai. Tun 1992, lokacin da Gianpiero Palermo da abokan aikinsa a Brussels ta Beljiyam suka fara cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwai da allura, mazan da ƙwayoyinsu ba sa iya iyo sun samu mafita. Sai dai allurar na tsallake raunin motsi ne kawai, saƙon da ke cikin ƙwayar yana shiga yadda yake, kuɗin aikin kuma miliyoyin naira ne. Abin da ya fi amfani kuwa ba shi da tsada. Gwajin maniyyi na yau da kullum, wanda asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika da ɗakunan gwaji da yawa ke yi, yana nuna yawa da motsi da siffa, yana kuma nuna fararen ƙwayoyin jini idan sun taru. Ma'aunin 2021 ya sa ƙasan iyaka a ƙwaya miliyan 16 a mililita, kashi 42 masu motsi, kashi 4 masu cikakkiyar siffa, kuma waɗannan ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa, shi ya sa ake maimaita gwajin idan ya fito da rauni. Likitan mafitsara na gano kumburin jijiyoyi da hannunsa, mutum na tsaye. Gwajin fitsari da na suga kowa ya san kuɗinsu. Abinci mai ganye da 'ya'yan itace, zogale da tumatir da gwaba da lemo da gyaɗa da kifi, ya isa ya toshe irin rashin da gwajin 1991 ya nuna illarsa.

Abu biyu ne ya kamata a yi kashedi a kansu, don mutane na yin su da niyyar gyara suna ɓatawa. Na farko tara maniyyi: wasu na ƙaurace wa iyali makonni wai don ya yi ƙarfi, alhali daɗewar ƙwayoyin a ma'ajiyarsu na ƙara musu ɓarnar DNA, kwana 2 zuwa 7 ne ma kawai ake so a dakata kafin gwaji. Na biyu allurar testosteron da ake karɓa da sunan maganin ƙarfin maza. Idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa kan daina aika umarnin ƙera maniyyi. A gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 1990 an yi amfani da allurar ne a matsayin hanyar hana haihuwa, fiye da rabin mazan kuma ƙwayoyinsu suka ƙare ƙaf cikin watanni. Ƙera ƙwayar maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74, ga kuma kwanakin da take yi a bututu kafin ta fito, don haka wanda ya daina taba ko aka yi masa maganin cuta a watan Muharram ba zai ga sauyi a takardar gwaji ba sai wajen Rabi'us Sani. Wannan lissafi ne ya sa jinkiri ke da tsada. Ƙa'idar likitoci ita ce a duba miji da mata tare bayan shekara 1 ana nema ba a samu ba, ko bayan wata 6 idan matar ta haura 35, domin daga wannan shekarun ƙwanta ke saurin raguwa a yawa da inganci, kuma shi ne ake dogara da shi ya gyara abin da ya lalace a ɓangaren miji.